Batirin Tashi da Batirin Zango

Kowane ɗan kasuwa a Singa, tun daga attajirin da a ke sauke wa tirela goma a yini har ya zuwa yaron da ke sayar da sukari ƙulli-ƙulli, ya san bambancin uwar kuɗi da riba. Riba ita a ke ci, da ita a ke cefane, a ɗinka riga, a yi wa dangi alheri. Uwa kuwa ba a taɓa ta, gama ran da aka ci uwa, ran nan ciniki ya ƙare, ko da rumfa tana nan a buɗe. Manomi ma ya san wannan doka, shi ya sa ba ya cin iri kome tsananin yunwa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar nan tana aiki har a cikin baƙin akwatin nan da ke gaban mota, watau batir.

Kasuwar Singa tana tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, ita ce babbar matattarar kayan masarufi a ƙasar Hausa. Nan a ke jibge shinkafa da sukari da fulawa da taliya da man girki da sabulu. Manyan motoci ke kawo su daga Ikko da sauran wurare, ƙananan motoci kuma su kwashe su rarraba, har Nijar da Chadi. Wurin nan ya daɗe da sanin matafiya. Tun kafin hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, filin Fagge zango ne, inda ayarin raƙuman Azbin kan sauke gishiri su kwana a bayan ganuwa. Madugun zamanin da, in ya sauka zango, dabbobinsa ya kan fara dubawa kafin ya nemi abin da zai sa a bakinsa, don ya san su za su tashe shi da asuba. Direban yau shi ya gaji madugu, motarsa ita ce raƙuminsa.

Akwai wani dattijon direba mazaunin Fagge, shekarunsa sun ba hamsin baya, wanda ya fi shekara talatin yana ɗaukar kayan Singa zuwa ƙauye. Motarsa a-kori-kura ce ƙirar Hilux, mai ja da ƙafa huɗu. Ya kan bi ta Gumel ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, sa'an nan ya bar kwalta ya shiga cikin yashi, yana bin ƙananan garuruwa yana sauke wa masu tireda buhu biyu nan, katan uku can. Yawancin kayan ba nasa ba ne, amana ce ta wani attajiri, sai ya komo a yi lissafi. Tafiyar ta kan ci kwana uku ko huɗu, inda dare ya riske shi nan ya ke kwana, shi da yaron motarsa, su shimfiɗa tabarma a gindin mota.

Mutumin kuwa mai sakin hannu ne. Duk garin da ya sauka, mutane su kan yanyame shi da wayoyin hannu, don yawancin wuraren babu lantarki, shi kuwa ba ya iya ce wa kowa a'a. Ya jona wannan, ya jona waccan, ya rataye ƙwan lantarki a jikin mota, a yi sallar isha'i a haskensa, a zauna a saurari labaran duniya a rediyon mota.

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan kan kai digiri 40, ya kwana biyu a jere a irin wannan hali. Daren na biyu ya same su a wani fako tsakanin garuruwa biyu, ga wata 'yar ruga kusa. Zafi ya hana barci, yaron ya jona 'yar fanka, ta kwana tana juyawa. Da aka yi asuba dattijo ya murɗa mabuɗi, sai ya ji ƙas, ƙas, daga nan shiru. Aka taru aka gwada turi, amma wa zai tura mota mai buhu talatin a cikin rairayi? Dole aka kwance batir, aka ɗora a amalanke, yaron ya bi shi zuwa bakin kwalta inda a ke caji, bai komo ba sai kashegari da hantsi. Kasuwar da su ke sauri su riska ta ci ta watse. Masu tireda da suka gaji da jira suka sayi kaya wurin wani, dattijo ya komo Kano da sulusin kayan amana, ya tsaya gaban mai su yana ba da haƙuri, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi.

Da ya huta, sai ya tafi wurin wani mai gyaran wutar mota a Sabon Gari, irin waɗanda direbobi ke kira rewaya, ya ce, "Ɗana, batirin nan ya ci amanata. Ina so ka zaɓa mini wanda ya fi shi girma."

Saurayin ya duba batir, ya auna, ya tambaye shi abubuwan da ya jona, sa'an nan ya ce, "Baba, ka gafarce ni, batir bai ci amanarka ba. Dokin sukuwa ka ɗaura wa kayan raƙumi. Ko ka sayi wanda ya fi wannan girma, in aka yi masa yadda aka yi wa wannan, kwana ɗaya kurum zai ƙara maka."

Dattijo ya ce, "To, yi mini bayani yadda zan gane."

Bayanin da ya ji ran nan ya kamata kowane mai kwana a hanya ya san shi, ga shi kuwa dalla-dalla.

Batirin mota tsohon abu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, ya tsoma faranti na dalma cikin ruwan asid, ya ga suna riƙe wuta, in ta ƙare kuma a iya sake cika su. Amma motocin farko da hannu a ke tashinsu, a sa wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaba a yi ta juyawa, har wani lokaci ya doki mutum ya karya masa hannu. Sai a 1912 aka fara fito da motar Cadillac a Amurka da na'urar tashin inji ta lantarki, wadda Charles Kettering ya shirya, ita ce direbobi ke kira kik. Tun daga ran nan babban aikin batirin mota ɗaya ne: ya juya inji har ya kama. In inji ya kama, wata na'ura da a ke kira altaneta ita ke ba mota wuta, ta kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba.

Wuta tana da ma'auni biyu. Bolt shi ne ƙarfin turinta, amfa kuwa shi ne yawan wadda ke gudana. A jikin kowane batir akwai lamba, misali 70Ah. Don sauƙin lissafi, mai karatu ya ɗauka batirin nan rumbu ne mai cin mudu 70 na wuta, duk abin da ke jan amfa 1 kuwa yana cin mudu 1 a kowace awa. Kik ya kan zuƙi amfa 200 ko fiye, amma cikin daƙiƙa 3 ko 4 kaɗai, sabo da haka abin da ya ke ci bai kai ko rabin mudu ba. Ashe tashin mota ba ya bukatar wuta mai yawa, sai dai yana bukatarta da ƙarfi, gaba ɗaya. Don haka a ke ƙera batirin tashi da faranti sirara masu yawa, su saki wuta farat ɗaya kamar doki a filin sukuwa. Irin wannan faranti ba ya jure a tatse shi sannu a hankali dare guda. Duk sa'ad da aka tatse shi ƙarƙaf, wani farin gishiri ya kan daskare a jikin dalmar, in ya daɗe a haka ba ya narkewa duka, rumbun ya ragu ke nan har abada.

Yanzu a duba lissafin daren dattijo. Fanka mai jan amfa 2, awa 8, mudu 16 ke nan. Ƙwan lantarki mai cin rabin mudu a awa, awa 6, mudu 3. Rediyon mota awa 4, mudu 4. Wayoyin hannu 6, kowace kamar mudu ɗaya da rabi, mudu 9. In an tara, mudu 32, kusan rabin sabon batir mai mudu 70. Nasa kuwa ya shekara biyu yana shan zafin Kano, zafi kuma shi ne babban abokin gāban batir, ya riga ya rage masa ciki. Har wa yau, tafiyar da ya yi tsakanin dare na fari da na biyu 'yar gajera ce, daga wannan gari zuwa wancan, alhali batirin dalma ba ya cika da gaggawa, sai an yi awoyi a na tafiya. Aka shiga dare na biyu da rumbu rabi, aka wayi gari ba kome.

Wani ya ce, ai sai a bar inji yana aiki. Wannan dabara tana da aibi biyu. Na ɗaya tsada, gama tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mai ya ninka, ba mai hankalin da zai ƙone shi dare guda don 'yar fanka. Na biyu ya fi muni: a cikin hayaƙin inji akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ta kan kashe mai barci a cikin rufaffiyar mota ko kusa da bututun hayaƙi ba tare da ya farka ba.

Maganin gaskiya shi ne a raba rumbu biyu. A bar batirin tashi da aikinsa, a samo na biyu don zango, duk fitila da fanka da waya a jona su gare shi kaɗai. Na biyun nan ya kamata ya zama irin wanda a ke sa wa sola, mai faranti masu kauri. Shi ne raƙumi, ba shi da gudu amma yana jure doguwar tafiya. Duk da haka shi ma kada a ɗebi abin da ya wuce rabinsa, in a na so ya yi ƙarko. Mai mudu 100 ya ba da 50, ya isa dare ɗaya irin na dattijo har da saura. Akwai kuma sabon iri na litiyam da ƙarfe, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka binciko a Jami'ar Texas wajen 1996. Wannan ya fi sauƙin ɗauka, a kan ɗebi kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da lahani ba, ya kuma fi daɗewa, sai dai ya fi tsada.

Amma fa a lura, in aka haɗa batir biyu da wayar wuta kurum aka bar su, ba a raba kome ba. Wuta kamar ruwa ta ke, daga cikakke ta kan gangara zuwa wanda ya ragu, fankar da ke shan na zango ta shanye na tashi tare. Dole a sa ƙofa tsakaninsu. Mafi araha ita ce makunni na hannu: in an tashi tafiya a haɗa, altaneta ta cika duka biyu, in an sauka zango a raba. Aibinsa mantuwa, ɗan Adam kuwa ajizi ne, balle wanda ya yini yana tuƙi. Abin da ya fi shi wata 'yar na'ura ce mai lura da bolt da kanta. Batir cikakke da ke hutawa yana nuna bolt 12.6, in inji na aiki kuwa altaneta ta kan ɗaga shi zuwa wajen 14. To, na'urar nan in ta ji ƙarfi ya haura wajen 13.3 ta san inji ya kama, sai ta haɗa batiran. In an kashe inji ƙarfi ya sauko wajen 12.8, sai ta raba su. Ko na zango ya ƙare ƙaf, na tashi yana nan ba abin da ya taɓa shi. Wanda ya sayi batirin litiyam, ko mai sabuwar mota wadda altanetarta ke rage ƙarfi da kanta, wannan na'ura ba ta ishe shi ba, sai ya sa caja ta musamman wadda ke karɓar wuta daga mota ta daidaita ta kafin ta ba na zango.

Saura ranar da mota ba ta motsa ba. Direba ya kan yi kwana biyu a bakin Singa yana jiran lodi, ko ya yini a kasuwar ƙauye. Nan rana ke biyan bukata, Allah kuwa ya hore wa ƙasar Hausa ita. Farantin sola mai wat 100 ya kan ba da kamar amfa 5 da tsakar rana, a yini ya tara mudu 25 zuwa 30, kusan abin da dare ya ci. Sharaɗinsa uku ne: a fuskantar da shi ga rana ba inuwa a kansa, a riƙa share masa ƙura, musamman da hunturu, a kuma sa 'yar na'urar da a ke kira kwantirola tsakaninsa da batir, don kada ya cika shi fiye da kima ya ƙone masa ruwa.

Direbobin tirela da ke kwana a layi a bakin kasuwar suna da nasu tarkon dabam. Babbar mota da bolt 24 ta ke aiki, watau batir biyu masu bolt 12 a jere. Da yawa su kan jona fanka ko rediyo a kan guda ɗaya daga ciki, don su sami 12. Wannan guda ya riƙa raguwa, ɗan'uwansa yana cike. In inji ya kama, wuta ɗaya ke bi ta cikinsu duka, cikakken ya sha fiye da kima, ragaggen bai ƙoshi ba, ba a daɗe duka biyu su lalace. Akwai na'ura mai mayar da 24 zuwa 12 wadda ke ɗiba daga duka biyu daidai wa daida, kuɗinta bai kai na batir guda ba.

Duk wanda zai yi wannan aiki ya kiyaye haɗarinsa, don batir ba abin wasa ba ne. A sa fis a kan wayar da ta fito daga kan batir mai alamar tarawa, kusa da shi, kada ya wuce taƙi ɗaya, a kowane batir. In babu fis, ran da waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, nan take ta yi ja ta kama wuta, ga kuwa man girki da kwali a baya. Mutanen wannan yanki ba su manta da gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris 2016 ba, sun san abin da wuta ke yi wa dukiya a dare ɗaya. A yi aiki da waya mai kauri, siririya ta kan yi zafi. A ɗaure batir tam, don hanyar daji gargada ce. Batirin dalma in yana caji ya kan fitar da iska mai kama wuta, sabo da haka a ajiye shi inda iska ke ratsawa, kada a kusance shi da ashana ko sigari. In ruwansa ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na famfo. In kuma ya mutu, a mayar wa masu saye, kada a fasa shi a gida. Dalma guba ce, ita ce ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta cika gidaje.

Wanda ƙarfinsa bai kai ga batir na biyu ba tukuna, ba a rasa masa dabara ba. Ya sayi fitila da fanka masu nasu batir, ya cika su da rana yana tafiya. Ya sayi 'yar mita, ya riƙa aunawa bayan mota ta huta kamar awa guda: 12.6 cikakke, 12.2 rabi, 12.0 saura rubu'i. In ya ga 12.4 ya zare kome da kome, ko wa ya roƙe shi. Ya ajiye wayoyin jona batir a bayan kujera. In zai kwana a daji ya nemi ƙasa mai tauri, ya tsayar da mota tana fuskantar gangare, ya kuma tuna mota mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi ko kaɗan. Ba a fafe gora ran tafiya.

Dattijo ya saurari duk wannan, ya tambayi kuɗin, ya yi shiru, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Sa'an nan ya lissafa abin da ya rasa a tafiya guda, ya haɗa da kunyar da ya sha gaban mai kaya, wadda ba ta da farashi. Ya ce, "Ɗana, ɗaura mini." Aka je Ƙofar Ruwa aka sayo kaya, aka ɗaure batirin zango a cikin akwatin katako mai huda a bayan mota, aka kafa farantin sola a kan rufi.

Abin sha'awa shi ne, halinsa na kyauta bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. A da in ya jona wa mutane waya, zuciyarsa ta kan yi ɗar-ɗar, yana bayarwa yana tsoron asuba. Yanzu kuwa yana bayarwa hankali kwance, in mita ta nuna na zango ya kai rabi sai ya ce, "Jama'a, na yau ya ƙare, sai gobe in rana ta fito," ba wanda ya ke jin haushi, don kowa ya ga iyakar abin. Yaron motarsa ma ya koyi karanta mita, har ya kan yi wa yaran wasu direbobi lissafin mudu a ƙasa da tsinke.

Wannan shi ne amfanin karatu da lissafi ga mai sana'a. Lambobin nan da ke jikin batir an rubuta su ne don a karanta, wanda ya iya karanta su ya san abin da ke rumbunsa kafin ya buɗe wa baƙi. Kyauta abu ne mai kyau, jin daɗi a zango ma ba laifi ba ne bayan wahalar hanya, amma dukansu daga riba a ke yinsu. Abin da zai tashe ka da asuba, ko kuɗi ne, ko iri, ko wuta, a ware shi gefe guda, a sa masa ƙofa. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya, amin.